Matar Bakin Teku da Maficin Kaba

Kwanakin baya na bi ta gaban tsohon gidan silimanmu a bayan babur ɗin maƙwabcina Sulemana, mai gyaran waya, sai na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya tsaya yana waige-waige, don shi bai ga abin tsayawa ba. Dogon bango ne da aka shafe da fentin talla, an fasa masa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ciki kuwa buhunan taki ne jibge sun fi tsayin mutum. Ni kuwa ta cikin ƙofar nan idona ya wuce can sama, wajen wata 'yar taga da aka toshe da bulo, simintinta bai yi kala ɗaya da sauran bangon ba. Ta wannan tagar na yi shekarun samartakata ina jefa wa mutanen Tamale haske a farin bango. Ni ne mai injin majigi, opireta kamar yadda kowa ke kirana, har yau ma matata in tana son tsokanata da sunan take kirana.

Yaran yanzu ba za su gane abin da sini yake a wurinmu ba, don haka muke kiran silima a nan. Su kowa da nasa a aljihu, ya kwanta rigingine ya ɗora a ƙirji, ya yi dariyarsa shi kaɗai kamar mai taɓin hankali. Mu namu ba rufi gare shi ba, sama ce rufinsa, kuma sai an idar da sallar isha'i ake kunna inji. Tun la'asar za ka fara jin garin yana juyowa wajenmu. Manoman Gumani su zo a kan kekuna, ƙararrawa ƙirin-ƙirin, su jingina su a gindin darbejiya. Mutanen Kaladan su zo a ƙasa cikin ayari, na Dungu kuwa, da yake a lokacin daji ne tsakaninsu da gari, sai sun haɗa kai kafin su taso. A bakin ƙofa mata na suyar ƙosai da doya, man yana ta cuwa, hayaƙin tsire na shiga ido. Matan kirki ba sa shiga ciki, amma masu sayar da abinci sukan jera a jikin bango ta waje, kuma bangon nan ba ya hana sauti wucewa, don haka babu fim ɗin da ba su sani ba, da kunne suke kallonsa. Ni kuma ina can sama a ɗakin inji, wani ɗan akurki mai zafin tsiya, ina daidaita sandunan gawayin da ke ba da wuta, ina jin fim yana tafiya tar-tar-tar cikin haƙoran inji. Wannan ƙarar har gobe in na ji keken ɗinki yana gudu sai gabana ya motsa.

Akwai wani sharaɗi da dattawan zango suka gindaya wa mai gidan siliman kafin su bar shi ya buɗe. Suka ce ba su hana yara kallon dawakai da harbe-harbe ba, amma duk inda Bature zai sumbaci mace, ko mace za ta tuɓe, a rufe. Mai gidan ya ce ba a yanke fim, don na haya ne, daga Kumasi ake kawo shi a lori, a mayar da shi yadda ya zo. Sai aka samo dabara: mafici. Maficin kaba irin wanda tsofaffi ke fifita da shi, shi nake rataye da shi kusa da idon inji. Da na ga abin da bai dace ba yana tafe, sai in tare hasken da shi, bango ya yi duhu, sauti na ci gaba. Hoton kuwa sai ya faɗo a kan maficin, ɗan ƙarami, dishi-dishi, ni kaɗai nake ganinsa, kuma da shi nake gane lokacin ɗagawa. Yawanci abin ba ya wuce ƙiftawar ido uku ko huɗu. Samari su yi fito, su yi ihu, "Opireta, cire hannunka! Massa, maigida, kai kaɗai za ka ci?" Ni kuwa in yi kunnen uwar shegu da su har abin ya wuce.

Ba ni kaɗai nake riƙe da gidan ba. A ƙasa, kan wani benci kusa da farin bangon, akwai Gambo mai fassara. Ɗan siririn mutum ne mai ƙaton maƙogwaro, da rana wanki da guga yake yi. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma ko fim ɗin Indiya ne, ko na Sin, ko na wace ƙasa, Gambo zai hau benci ya faɗa maka abin da kowa ke cewa, da Hausarmu ta zango wadda ba ta cika bambanta mace da namiji ba, yana tsarma Dagbanci saboda manoma. Ba ya amfani da lasifika, ni ne nake rage sautin inji kaɗan don muryarsa ta hau kai. In na sa mafici yakan ce, "Jama'a, Bature ya shiga wanka, ku ba shi wuri," a kwashe da dariya. Na taɓa tambayarsa inda ya koyi wannan baki, ya ce uwarsa makauniya ce, shi yake jan ta kasuwa tun yana ƙarami, kuma ba ta yarda ya yi shiru. Sai ya faɗa mata wa ya wuce, wane zane ta ɗaura, tumatir ɗin wa ya fi ja. Ya ce in kasuwa ba daɗi ranar, sai ya ƙara mata gishiri don kada ta koma gida ranta a ɓace.

Cikin matan nan na jikin bango akwai Azumi, tana taya uwarta suyar ƙosai. Ba zan tsaya yabon ta ba, kada ta ji labari kanta ya kumbura, amma na ci ƙosan da ba na jin yunwarsa ya fi a ƙirga. Da magana ta kai ga manya, sai ubanta ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Bafatake ne da ya zo daga can arewa, ya yi fataucin goro da shanu har gaɓar teku kafin ya zauna, mutum ne mai tsayi marar yawan magana, wanda in ya kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka yi a makon. Kawuna ya je sau biyu ya dawo hannu rabbana. A na uku ne tsohon ya ce, "Na ji an ce yaron nan aikinsa nuna wa mutane hotunan Turawa cikin duhu. Ban taɓa shiga wurin ba. Zan je da ƙafata in ga abin da zai ciyar da 'yata da shi. In na gani, zan ba ku amsa." Ya sa ranar Asabar. Na yi ta murna, don an riga an aiko mana cewa fim ɗin Asabar na kaboyi ne, irin wanda mutanen Italiya suka iya yi, dawakai da ƙura da bindiga, ba mace ko ɗaya sai tsohuwa mai shara. Na ce a raina, mai fataucin shanu zai ga dawakai, ai an gama.

Ka'ida ita ce in duba fim da rana kafin in nuna shi. Ranar kuwa lorin Kumasi ya lalace a hanya, bai iso ba sai da ana kiran isha'i, gida ya riga ya cika maƙil. Na hango Baba, uban Azumi, a layin kujerun baya, ya sha farar riga, ya dogara sandarsa tsakanin gwiwoyi, mutane sun ba shi fili saboda girma. Gwangwanayen fim ɗin ga hoton mai doki manne a murfi, na buɗe na ɗora na farko a gaggauce, na kunna. Sai bango ya cika da ruwa.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma yawancin waɗanda ke zaune a wurin ba su taɓa ganin teku ba. Shuɗi ne wanda babu marinin da ya taɓa fitar da irinsa, yana tahowa yana dukan duwatsu yana komawa. A saman dutse ga wani farin gida mai matakala da yawa, furanni sun lulluɓe shi. Wani kiɗa ya taso a hankali, da muryar mace tana rera shi ba kalma ko ɗaya, kawai tana jan numfashi tana sakewa. Gidan nan da kullum ba a jin maganar juna don hayaniya, ya yi tsit, har ina jin man ƙosai na cuwa a waje. Na san nan take an yi kuskuren gwangwani a Kumasi, amma na ce wataƙila dawakan na gaba. Sai wata mace ta fito a farar riga ta tsaya tana kallon ruwan. Sai wani mutum ya hau matakalar da jaka a hannu. Suka shiga ɗaki, ya tura ƙofa, ta kai hannu wuyan rigarta. Na fizgo mafici.

Na ƙirga uku, na ƙirga goma, na ƙirga har na bar ƙirgawa, abin da ke kan maficin nan bai da niyyar wucewa. Ba zan faɗi abin da na gani ba, ban faɗa ba a lokacin da jinina ke tafasa, balle yanzu. Ya isa in ce ba fim ɗin labari ba ne, irin wanda aka yi don wannan abin kawai ne, an ɗan yayyafa teku da kiɗa a kai don a ce an yi fim. Gambo ya yi barkwancinsa na wanka, aka yi dariya. Na ɗaga da abin ya wuce, ba a jima ba wani mutumin ya hau matakala, na sake rufewa. A nan fito ya fara canza murya. Wani ya buga benci, wani ya jefo ɓawon lemo ya faɗo ta tagata. "Opireta, mun zo kallon duhu ne?" Na duba, mai gidan ya sulale, babu shi babu dalilinsa. In na kashe inji, za a farfasa kujeru a gaban Baba, ya ga aikina rigima ne. In na ɗaga mafici, ya ga abin da ya fi rigima muni, kuma ba Azumi kaɗai zan rasa ba, sai dai in bar garin. Gumi ya jiƙa ni har cikin takalmi. Na leƙa ta taga, Gambo ya ɗago kai yana dubana, na yi masa alama da hannu ɗaya cewa abin da yawa, da yawa ƙwarai.

Ya gyara tsayuwa a kan bencin nan. Sannan ya yi magana, ba da muryar barkwanci ba, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san yana da ita ba, wadda dole ka yi shiru in kana son ji.

"Ku tsaya, jama'a. Ba opireta ba ne. Wannan duhun cikin sini ɗin yake. Matan nan da kuka gani, mijinshi ya shiga jirgin ruwa, shekara bakwai bai komo ba. Kullum tana tsaye tana duban ruwa tana kuka, har idonta ya fara mutuwa. Wannan duhu da kuke gani, abin da take gani ke nan. Bature ya sa ku cikin idonta ne, don ku ɗanɗana."

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba. Ihun ya mutu kamar an zuba wa garwashi ruwa. Na rage sautin inji ƙasa sosai yadda kiɗan kawai ke fitowa, Gambo kuwa ya ci gaba. Mazan nan da ke hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su masu magani. Wannan likita ne daga birni, ya zo da allura, ya rufe ƙofa don haske na cutar da idon. Wancan mai saiwa ne, ya zo da zuma da kwalli. Duk wanda ya shiga, duhu ya sauko, Gambo ya shiga cikin duhun da mu, ya faɗa mana abin da matar ke ji: takun mai aiki a matakala, ƙarar ruwa da ta san safiya da shi, ƙamshin rigar mijinta da ta ajiye ƙarƙashin matashi, yadda take ƙirga taku daga gado zuwa taga. In na ɗaga mafici teku ya dawo, sai ka ji mutane sun saki numfashi gaba ɗaya, wani ya ce, "Alhamdulillahi, ya ɗan gani." Ɗaruruwan maza, mahauta da direbobi da 'yan dako, suna zaune cikin duhu suna roƙa wa wata Baturiya sauƙi. Ni kuma ina sama, hannun dama ya gaji in mayar hagu, hagu ya gaji in mayar dama, zafin fitila ya fara toya kabar tana wari. Abin mamaki, ni da nake ganin gaskiyar abin a kan mafici, sai da na kai ga kawar da kai ina satar kallonsa kawai don in san lokacin ɗagawa, kunnena na wajen Gambo, ina son in ji ko za ta warke.

A ƙarshen fim ɗin matar ta sauko matakala har bakin ruwa, wani ƙaramin jirgi yana tahowa da mutum ɗaya a ciki. Allah kaɗai ya san ko wane ne a ainihin labarin. Gambo ya ce mijin ne. Ya ce idon bai warke ba, masu magani duk sun kasa, amma da mutumin ya kira sunanta daga cikin jirgi sau ɗaya, ta ce, "Kai ne. Ka daɗe." Daga nan rubutu ya hau bango. Babu wanda ya yi fito, babu wanda ya tashi da wuri. Na ga wani ƙaton mahauci yana goge fuska da hularsa. Gambo ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ban kuma je na tambaye shi ba, don na san ba labarin Baturiya yake ba mu ba, na uwarsa ne.

Washegari garin nan ba a yi wata magana ba sai ta matar bakin teku, kuma kowa da ra'ayinsa. A rumfar mai shayi, tela ya ce Turawa sun gama wayo, tunda har sun iya ɗaukar hoton makanta. Mai gyaran keke ya ce shi likita na biyu bai yarda da shi ba, idonsa na mayaudara ne, kuma me ya sa duk masu maganin ke fitowa suna gyara ɗamara? Aka ce masa ai aikin ido wahala gare shi. Mahaucin nan ya rantse bai yi kuka ba, hayaƙi ne. Wani manomi ya taso tun daga Gumani a keke ya ce mini, "Dasiba, opireta. Yau ma za a sa? Ina so in kawo wana." Na amsa masa gaisuwa na ce an mayar da shi Kumasi, wanda kuma gaskiya ne, don tun asuba na kai gwangwanayen tasha da kaina. Wani direba da ke zuwa kudu ya ce ƙarya ne duka, shi ya ga fim ɗin a can, ba makanta ba komai, ya fara bayani. Ba su bar shi ya kai ƙarshe ba. Tela ya ce, "Kai dai bakinka ba alheri koraa, ko kaɗan. Matan mutane tana fama da ido, kana mashi sharri." Da ƙyar direban ya sha, ya tafi yana ta rantsuwa ba mai saurarensa. Akwai wani malamin makaranta a gefe wanda na tabbata ya gane komai, ya dube ni ta saman kofinsa, ya ce shi dai kiɗan ya yi masa daɗi paa, wato sosai, ya ci gaba da shan shayinsa.

Da la'asar Baba ya aiko a kira ni, ya ce in zo da maficin. Na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi maficin ya juya shi, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, kabar na karyewa in an taɓa.

Ya ce, "Yaro, na yi shekaru ina sauke goro a bakin teku. Na san abin da Bature ke yi in ya rufe ƙofa, ba maganin ido ba ne."

Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, ta ƙare.

"Kai ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Duka?"

"Abin da ya zama dole, Baba, don in san lokacin ɗagawa."

Ya ajiye maficin a gefe. Sannan ya ce, "Ina kallon tagarka fiye da bangon. Samari na zaginka, hannunka bai sauka ba. Ka gaya wa kawunka ya zo." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Saura abu ɗaya. Yarinyar nan ta ji labarin ta bayan bango, tun jiya take ba uwarta tana hawaye. Abin da ka gani, ka bar shi inda ka gan shi. Kada ka ɓata mata labarinta."

Na riƙe wannan magana fiye da shekara hamsin. Azumi ta ba 'ya'yanmu labarin matar bakin teku, ta ba jikoki, in miji da mata sun yi faɗa a unguwa aka kawo mata sulhu, da shi take rufewa. Bayan bidiyo ya kashe mana kasuwa, Gambo ya koma wankinsa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu. Baba ya rasu. Gidan sini ya zama abin da na gani ran nan. Sai kuma ga shi shekara uku ke nan idon Azumi ya tafi, a hankali, an je asibiti an dawo, an ce jijiya ce, ba abin yi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai takan ce, "Opireta, ka ga na zama matar bakin teku, ga shi ko tekun ban taɓa gani ba."

Ranar da muka tsaya a gaban tsohon bangon nan, na ba Sulemana labarin a hanya, ban ɓoye masa komai ba, don shi ma magidanci ne mai furfura a gemu. Na ce masa akwai wani guntun fim da ya tsinke a farkon naɗin daren nan, mai ɗauke da rubutun sunansa, yana cikin akwatina. Ya ce in kawo. Da na kawo, ya ɗaga shi a hasken rana, ya kwafi haruffan a wayarsa, kafin in gyara zama sai ga kiɗan nan yana fitowa daga tafin hannunsa. Abin da lori ya kwana a hanya yana ɗauko mana, ga shi a cikin abin da bai kai sabulu girma ba. A ƙarƙashinsa kuma mutane daga ƙasashe iri-iri sun rubuta ra'ayinsu, Sulemana yana karantawa yana fassara mini yana dariya. Wannan ya ce ɓata lokaci ne, ba labari ba kan gado. Wancan ya ce matar kyakkyawa ce amma ba ta iya wasa ba. Wani ya lissafa wuraren da za ka tsallaka ka je kai tsaye ga abin da ka zo nema. Wani ya ce irin shirmen zamanin da ne da ake yi da kuɗi kaɗan a ci riba. Na san gaskiya suka faɗa, ai na riga su gani. Amma na zauna ina mamakin yadda duk waɗannan mutane suka ga fim ɗin ba abin da aka rufe musu, kuma ba wanda ya ga ko rabin abin da mutanen Tamale suka gani. Mutum ɗaya ne kawai ya rubuta cewa bai san dalili ba, kiɗan yana sa shi kewar wani da bai taɓa sani ba. Na ce wa Sulemana, wannan da ya zo gidanmu da mun ba shi kujera.

Kuskurena shi ne ban ce masa ya yi shiru ba. Ya gaya wa matarsa an samo fim ɗin Hajiya Azumi, matar ta shigo da murnarta ta faɗa mata. Da na dawo daga sallar la'asar na tarar da Azumi zaune a kan tabarma ta ci ado, har da turare.

"Alhaji, an ce matar bakin teku tana cikin waya. A kira 'ya'yanmu, su Sadiya, su zo da yara, yau su ga abin da nake ba su labari."

Na ce, "Hajiya, bari mu fara mu biyu. Ai namu ne."

Ta ɗan karkata kai wajen muryata, ta ce to.

Na aro wayar, Sulemana ya nuna mini inda ake dannawa, na sallame shi, na tura ƙofar ɗaki. Na jingina wayar da matashi, na ɗauko maficinta na kaba da ke kan gado. Kiɗan ya taso, ta kama bakinta da hannu. Na gyara murya na fara, ni ne opireta ni ne Gambo. Na faɗa mata shuɗin ruwan, da farin gidan, da matakala. Da mutumin farko ya tura ƙofa, hannuna da kansa ya kai mafici ya rufe fuskar wayar, na rage sauti, ko da yake ba mai gani a ɗakin sai ni. Na shiga ba ta labarin likitan birni. Ban kai ko'ina ba ta katse ni.

"Ba haka Gambo ya ce ba. Mai zuma na uku ne, ka sa shi na biyu. Kuma ka manta rigar da ke ƙarƙashin matashi."

Na gyara, muka ci gaba, tana cike mini inda na manta. Da muka zo inda matar ke ƙirga taku daga gado zuwa taga, sai ta ce, "Mutumin nan bai yi ƙarya ba, Alhaji. Haka abin yake. Tara ne daga nan zuwa ƙofa. Kuma tun daga zaure nake sanin kai ne." Kiɗan ya ci gaba da tafiya. Hannun tsufa ba na samartaka ba ne, ya fara rawa, kabar tana ɗan karkarwa a jikin wayar. Ta ji. Ta miƙo hannu tana lalube, ta bi damtsena har ta kai wuyan hannu, ta taɓa maficin, ta tsaya a kai. Na jira tambayar da na yi shekara hamsin ina tsoro.

Ba ta yi ta ba. Ta zare maficin daga yatsuna a hankali, ta riƙe shi daidai inda yake, ta ce, "Kawo in riƙe maka, Opireta, ni ba abin da zan gani. Kai dai ci gaba, ka kai ni inda ya kira sunanta."